Ƙarar Bawul a Injin Tsohuwar Mota: Sanadinta da Maganinta

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin motocin da ke ɗibar hatsi da fasinja tsakanin Kakangi da Birnin Gwari ya san wata siririyar ƙara, kas-kas-kas, mai fitowa daga saman inji kamar ta keken ɗinki. Kanikawa suna kiranta ƙarar tafet. A hanyar da ta ratsa daji irin wannan, wanda ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, lalacewar mota ba ƙaramin al'amari ba ne, don haka ya kamata a san abin da ƙarar ke nufi. Za a ɗauki misali da Peugeot 504, wato Fijo, wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya yi ta harhaɗawa har zuwa 2006.

Ɗalibin da ya karanci zuciyar ɗan Adam ya riga ya san aikin bawul: ƙofa ce mai barin abu ya wuce ta gefe ɗaya kawai. Zuciya tana da irin waɗannan ƙofofi huɗu, kuma rufewarsu ce ke ba da sautin da likita ke saurare. Injin Fijo kuwa yana da silinda huɗu, kowace da bawul biyu: ɗaya na shigar iska da fetur, ɗaya na fitar hayaƙi. Wani sandan ƙarfe mai tozaye, kamshaf, shi ke tura su ta hanyar sanduna da 'yan maɗaukai da ake kira roka, sa'an nan sifirin ya mayar da su su rufe.

Abin lura shi ne, da gangan aka bar ɗan gibi tsakanin roka da kan bawul. Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Sandan ƙarfe mai tsawon santimita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 200, zai ƙara tsawo da kimanin milimita 0.24. Lissafin injin gaskiya ya fi wannan sarƙaƙiya, tun da kan injin ma yana buɗewa, amma ƙa'idar ke nan. Bawul ɗin hayaƙi, wanda kansa ke iya kai digiri 700, ya fi buƙatar wuri. Shi ya sa a injin fetur na 504 ake barin milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na fita. Yau da gobe, ƙura da gurɓataccen baƙin mai suna cinye ƙarafan, gibin ya faɗaɗa, roka ya riƙa dukan bawul kamar guduma. Wannan duka shi ne ƙarar.

Kafin a taɓa sufana sai an tabbatar daga ina ƙarar take. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na inji. Ke nan in inji na juyi 800 a minti, bawul guda zai buga sau 400, wato kusan sau bakwai a daƙiƙa. Bakanike yakan ɗora tsinin doguwar sukudireba a murfin saman inji, ya kara ƙotarta a kunne, dabarar da ba ta da bambanci da ta likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816. Sai dai a yi hattara da fanka da bel. In ƙarar mai nauyi ce, daga ƙasa, tana ƙaruwa idan an taka totur, musamman in fitilar mai ta kama, to ba bawul ba ne. Alama ce ƙarafan ƙasan inji sun cinye, a kashe mota nan take. In kuwa sai ana hawan tudu da kaya ake jin ta kamar tsakuwa a gwangwani, a duba lokacin wutar filogi da ingancin fetur.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Ana yin sa ne inji na sanyi, an fi so da safe bayan motar ta kwana. A cire murfi, a juya inji da hannu. A Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giya, kuma wuta na bin 1, 3, 4, 2. Idan bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya buɗe sarai, sai a daidaita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. In na 3 ne ya buɗe, na shiga 4 da na hayaƙi 2. In na 4 ne, 2 da 1. In na 2 ne, 1 da 3. A sassauta noti, a zura siririn ƙarfen awo mai kaurin da ake so, a murɗa sukuru har ƙarfen ya riƙa wucewa da ɗan ja, a ɗaure, sa'an nan a sake aunawa, domin ɗaurin kan sauya gibin.

A nan ne kuskure mafi tsada yake. Wasu kanikawa, don faranta wa mai mota, sukan ɗaure sukuru da kunne har ƙarar ta ɓace ƙurmus. Inji na yin zafi sai bawul ya miƙe, ya rasa wurin zuwa, ya kasa zama daram a mazauninsa. Alhali kuwa ta wannan zama ne yake sauke mafi yawan zafinsa. Sai wuta ta riƙa kurɗawa ta gefensa har ya ƙone. Mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa karkarwa, daga ƙarshe sai an sauke kan inji gaba ɗaya. 'Yar ƙara kaɗan ta fi wannan shirun aminci nesa ba kusa ba.

Motoci da yawa na baya-bayan nan suna da tafet mai cike gibi da kansa ta hanyar matsin baƙin mai, ba su da sukurun daidaitawa. In irin wannan ya yi ƙara, a fara duba yawan man da tsabtarsa, a canja shi tare da matacinsa; in ƙarar ta ci gaba bayan inji ya ɗumama, tafet ɗin ne ya mutu, sai a sauya shi.