Darasin Juma'a: Idan Aka Kama Ɓarawo a Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, da wuya mako ya wuce a kasuwar Mubi ba mu ji ihun "ɓarawo!" ba. Wani an fizge masa waya, wani an ɗauke masa turmin atamfa, wata an zare mata kuɗin cefane. Daga nan sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce, "Kai shi caji ofis ɓata lokaci ne, gobe za ka gan shi a waje." Wasu kuma su ɗauki gora da dutse. To, mene ne addini ya koya mana?

Na farko, sata haramun ce komai ƙanƙantarta. Amma haddin da ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 38, yana da sharuɗɗa: kayan su kai nisabi, wato rubu'in dinari, a ɗauke su daga ma'ajiyarsu, kuma a tabbatar da laifin gaban alƙali. Abin da bai kai haka ba, ta'aziri ake yi, hukuncin da alƙali ya ga ya dace. Ke nan tun asali shari'a ba ta haɗa ɓarawon mudun gero da ɓarawon shanu a ma'auni ɗaya ba.

Na biyu, hukunci aikin hukuma ne. Mu da muka ga Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi, mun san yadda gari yake zama idan babu hukuma. Taron da ya kashe yaro a kan waya ya ɗauki alhakin jini. Kuma mu baƙi ne masu neman halaliya. Duka ɗaya a bakin rumfa na iya rikiɗewa ya zama rikicin ƙabila, dukiyarmu ce za ta fara ƙonewa.

Na uku, a dubi dalili. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗib sun sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Sayyidina Umar (RA) ya fahimci yunwa ake barinsu da ita, sai ya ci ubangidansu tarar dirhami 800, ninkin kuɗin raƙumar. Mu tambayi kanmu: yaran shagonmu, muna ba su na abinci? Wanda ya yi mana shekara bakwai, mun sallame shi?

Gaskiya ne 'yan sanda ba su da yawa, ga satar shanu da garkuwa da mutane a gabansu. Gidajen gyaran hali cike suke da masu jiran shari'a, kuma yaron da aka kulle kan kwanon masara yakan fito da darasin manyan ɓarayi. Shi ya sa dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. Amma kau da kai gaba ɗaya ma ɓarna ce: matsalar 'yan Shila a Yola ta nuna inda fizgen waya yake kaiwa idan aka ƙyale. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga shawararmu. Yaro ne, karon farko, ba makami? A kai shi wurin shugaban layi ko sarkin kasuwa, a kira iyayensa, ya mayar da kaya, a rubuta. Yafiya kafin magana ta kai ga hukuma tana da asali a ƙissar mayafin Safwan ɗan Umayya. Wanda ya maimaita, ko ya zare wuƙa, ko suke ƙungiya, a miƙa shi ga 'yan sanda, mu kuma daure mu je kotu ba da shaida, domin rashin zuwanmu na cikin abin da ke sa a sake su. Sannan kada ɗayanmu ya sayi waya ko kaya da arahar da ta wuce hankali. Ba don mai saye ba, da ɓarawo ya gaji.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu, Ya ciyar da mu halal. Amin.