Shin Maramiyyar Shayi Tana Sa Gane-gane?

Wata uwa daga Kano ta rubuto a tsorace. Ɗanta ya nuna mata bidiyon wasu samarin Amurka suna zuƙar hayaƙin wani ganye suna zubewa kamar masu hawan bori, kuma an ce ɗan'uwan maramiyyar da take jefawa a shayi ne. Ta zubar da tata?

A'a, Hajiya ta sha shayinta. Dangi ɗaya ne, amma na bidiyon sunansa Salvia divinorum, tsiron duwatsun Oaxaca a Meziko, inda masu maganin ƙabilar Mazatek suka daɗe suna tauna ɗanyensa don duba da neman waraka.

Sinadarinsa, salvinorin A, Alfredo Ortega ne ya fara ware shi a 1982. A 2002 tawagar Bryan Roth ta gano cewa yana kama wata makarɓar saƙo a ƙwaƙwalwa mai suna kappa, ba ta serotonin da ƙwayar maye ta LSD ke bi ba. Ƙasa da miligiram ɗaya ya isa ya juya mutum. Idan ya zuƙi hayaƙinsa, cikin daƙiƙoƙi sai ya manta inda yake, ya ji ana jansa, wani ma ya ji ya zama bango ko kujera. Kafin kwata awa yawanci ya lafa, amma a wannan tsakanin ne ake faɗuwa a ji ciwo. Ba abin sha'awa ba ne. Ostareliya ta haramta shi tun 2002.

Maramiyya ba ta da wannan sinadarin. Man da ake tacewa daga ganyenta ne abin kiyayewa, don shansa kan jawo farfaɗiya, musamman ga yara.