DARASI: ABIN DA KE KASHE BATIRIN MOTAR DA AKA AJIYE

Darasinmu na wannan fitowa a kan batirin mota ne, musamman motar da takan yi makonni a ajiye ba a hau ta ba.

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san irin wannan safiya. An gama ciniki a kara, an yi lodin shanu tun da asuba don a ci hanya kafin rana ta buɗe, direba ya murɗa makulli, sai ka ji "kat-kat-kat", shi ke nan. Gingimari cike da shanu ba a tura ta. Kafin a samo batirin aro rana ta take, dabbobi suna tsaye a cunkushe ba ruwa ba ciyawa, wani ya durƙushe 'yan'uwansa su tattake shi. Daga Paga zuwa Kumasi ya haura kilomita 500, kuma kowace sa'a da aka ɓata a tsaye, nama ne ke zubewa daga jikin dabba kafin a kai mayankar Kaase. Idan kuwa daf da Babbar Salla ne, jinkirin kwana guda yakan sa mutum ya tarar kasuwa ta cika, farashi ya faɗi.

Haka nan ƙaramar motar da yawancinmu kan bari a ƙofar gida a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, mu tafi saye Pouytenga ko Fada N'Gourma ko Tera, mu yi wata guda ko biyu. Mu dawo, mota ta ƙi tashi, mu ce ai batirin jabu aka sayar mana. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, zaman da ya yi ne ya cinye shi. Mun ga haka sosai lokacin da Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa ga matafiya saboda annobar korona, daga watan Maris na 2020 zuwa Maris na 2022, inda motoci da yawa suka daɗe a ajiye.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Duk motar da ta gangaro daga Tamale ta Techiman, ta Suame take shiga Kumasi, don haka babu wanda bai san Magazin ba a cikinmu. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta sojojin Turawan mulkin mallaka, wadda makanikai suka fara taruwa kusa da ita kafin a mai da su Suame. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu cajin batir a Magazin ya ga cikin batir a fashe: faranta ne na dalma a jere, a nutse cikin ruwan asid. Shi ya sa a nan Gana ake cinikin batir da yawan faranti, a ce mai 13, mai 15, mai 17. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai canja ba.

Batir mai volt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da volt 2 da ɗan ɗoriya. Yayin da batir ke ba da wuta, asid yana haɗuwa da dalma, wani farin gari yana kama jikin faranta. Idan aka yi caji da wuri, garin nan yana narkewa ya koma cikin ruwa, batir ya dawo daidai. To amma idan aka bar batir a sauke mako da makonni, garin sai ya daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi duka. Daga nan batir ya ragu ke nan har abada. Ko an kai shi caji ya nuna ya cika, bayan kwana biyu sai ya sake kwanciya. Wannan shi ne jigon darasin: batirin da aka bari babu caji yana lalacewa a zaune.

HANYOYI BIYU DA WUTA KE ZUBEWA

Ta farko daga cikin batirin kansa take. Ko an cire shi an ajiye a ɗaki, yana rage caji kaɗan-kaɗan kowane wata. Zafi yana ƙara saurin wannan zuba, har masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka ta. Ke nan motar da ta tsaya jiran lodi a Paga ko Bawku cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, batirinta ya fi saurin sauka a kan wadda ke cikin inuwa a Kumasi.

Ta biyu daga motar take. Agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi, kwamfutar inji da na'urar bin sawun mota duk suna tsotsar wuta ko an zare makulli. Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce waɗannan abubuwa suna jan kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya, wanda bai wuce ƙa'ida ba. A yini da kwana sun ci 1.2, a kwana 30 sun ci 36. Idan batirin mai lamba 70Ah ne, fiye da rabinsa ya tafi cikin wata guda, ba a ma sa wadda yake zubarwa da kansa ba. Idan kuwa akwai cajar waya da aka bari a soke, ko waya da wani ya haɗa a gurguje, abin ba ya kai wata.

KUSKUREN DA MUKE YI

Da yawa daga cikinmu in za mu yi tafiya sai mu ce wa yaron gida, "Kowace safiya ka tada ta ta yi ɗumi minti biyar." Muna ganin mun yi dabara, alhali kuwa cire kuɗi ne daga asusu ba a mayarwa. Tada inji, balle na dizal, yana jan amfiya ɗaruruwa a 'yan daƙiƙoƙi, ga hita kuma a motocin da ke da ita. Altaneta kuwa ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan inji yana silo. Batirin da ya riga ya yi ƙasa ba ya cika da minti biyar ko goma. In dai za a tada mota, to a fita da ita a kan titi ta yi gudu na aƙalla rabin sa'a, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. In babu direban da aka amince da shi, gara a ƙyale ta a bi matakan da ke ƙasa.

Kuskure na biyu na masu manyan motoci ne. Gingimari volt 24 take amfani da shi, watau batir biyu ne aka haɗa. Sai yaron mota ya jawo waya daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya ko fitilar kwana. Batirin nan guda sai ya riƙa sauka fiye da ɗan'uwansa, shi ba ya cika, ɗan'uwan kuma caji yana yi masa yawa, a ƙarshe a rasa duka biyun. A sa mai gyaran waya ya ɗaura na'urar da ke rage volt 24 zuwa 12. In kuma za a sake batir, a sake biyun tare, iri ɗaya, girma ɗaya.

ABIN DA ZA A YI KAFIN A AJIYE MOTA

1. A ajiye batir a cike. In motar ba ta yi doguwar tafiya ba, a kai shi wurin mai caji a ce a yi masa a hankali, ya kwana. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambarsa, watau mai 70Ah a ba shi amfiya 7. Cajin gaggawa yana dafa batir.

2. A cire kan batir mai alamar ragi (–), wanda galibi baƙar waya ce. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota wuta ta tashi. Babbar mota mai makunnin yanke wuta, a kashe shi. A motocin zamani rediyo na iya neman lambar sirri bayan an mayar, don haka a tanade ta.

3. A wanke saman batir da kawunansa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da laima takan zama hanyar zubar wuta. Farin garin da ke kan kawuna ana wanke shi da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ɗigo ya shiga cikin ɗakuna. A busar, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan.

4. Batir mai murafe, a duba ruwa ya rufe faranta. In ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan rijiya ko na famfo. Wanda aka rufe daga kamfani ba a buɗe shi.

5. A ajiye mota a inuwa. In tafiyar za ta wuce wata guda, a bar sallahu a kai batir caji duk bayan mako huɗu zuwa shida. Mai hali ya sayi ƙaramar caja mai yanke kanta in batir ya cika, ko ɗan farantin sola mai na'urar daidaita caji, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta.

MITA TA FI ƘIYASI

Ya kamata kowace mota ta kasance da ƙaramar mitar gwajin wuta. A gwada batir bayan mota ta huta sa'o'i. In ta nuna 12.6 ko sama, batir a cike yake. In 12.4 ce, ya fara sauka, a yi caji. In 12.2 ce, rabi ya tafi. In ta kai 12.0 ko ƙasa, kada a bari ya ƙara kwana a haka. Sannan a tada inji a sake gwadawa: ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ba a gani ba, a duba bel da altaneta kafin a zargi batir. A babbar mota a gwada kowane batir shi kaɗai.

Gargaɗi guda: batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji. Kada a kusance shi da taba ko ashana, kada kuma a yi caji a ɗakin da aka rufe. In asid ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa nan take, in ido ne a tafi asibiti.

A ƙarshe 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada batir kwana biyu kafin ranar lodi, lokacin da akwai sararin zuwa Magazin a dawo. Mu da ba ma ɗaure sa mu tafi mu bar shi ba mai ba shi ruwa, kada mu yi wa motar da za ta ɗauke shi haka. A karanta wa direbobi da yaran mota wannan darasi.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.