Me Ya Sa Aikatau Ke Sauya Ciki a Sifaniyanci?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Dambatta. Son ƙwallon Sifaniya ya sa nake koyon harshensu a waya. An ce sembrar shi ne shuka, amma sai na ga "ina shuka" siembro ne, "muna shuka" kuma sembramos. Daga ina wannan i ta faɗo, kuma ina ta shige?

Amsa: Ƙanena, wayarka ba ta yi kuskure ba. Bahaushe a gaban aikatau yake nuna mai aiki (ina, kana, muna), Sifaniyawa kuwa a ƙeyarsa. Cire -ar daga sembrar, saura sembr-, sai ka liƙa -o, -as, -a, -amos, -áis ko -an.

Abin da ya ɗaure maka kai yana tsakiyar kalma, kuma da kunne ake kama shi. Kowace kalma tasu tana da gaɓar da ake danna wa murya. In nauyin ya sauka kan e ta tushe, sai ta tsage ta zama ie: siembro, siembras, siembra, siembran. A "mu" da "ku" nauyin yana tsallakawa zuwa ƙeya, sai e ta zauna yadda take: sembramos, sembráis. Gado ne daga Latin, uwar harshen, wadda gajerun wasulanta e da o suka riƙa tsagewa a Sifaniyanci in an danna su. Ta haka terra, wato ƙasa, ta koma tierra.

Ita ma o haka take komawa ue. Poder, iyawa: puedo, amma podemos. In ana ruwa, llueve za ka ji, daga llover. Tunda kai ɗan gidan kallo ne, riƙe jugar, buga wasa, wanda shi kaɗai ne u ɗinsa ke yin haka: juego, jugamos. Wasu masu ƙarewa da -ir kuma e ɗinsu i take zama, kamar pedir, roƙo: pido, pedimos.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba kowane aikatau ke sauyawa ba, kuma fuskarsa ba ta nunawa. Vender, sayarwa, vendo ne ba ƙari. Ni dai shawarata, kada ka haddace aikatau shi kaɗai, haɗa shi da sigar "ni", ka kuma furta da ƙarfi. In noman rani ya kama a bakin madatsar Tomas, gwada da regar, ban ruwa: riego kai ɗaya, regamos kai da maƙwabtan gonarka.