Maganin Kaska da Ƙuma: Yadda Yake Gurɓata Rafuka da Hanyoyin Rigakafi

Ana jawo hankalin jama'ar Suleja da kewaye, musamman makiyaya da mafarauta da masu kiwon karnuka da kyanwoyi, a kan wata ɓarna wadda ba a cika lura da ita ba. Watau ita ce shigar magungunan kashe kaska da ƙuma da ƙwarƙwata cikin ruwan rafi.

MENE NE CIKIN MAGUNGUNAN?

Yawancinsu dafin kashe ƙwari ne. Wanda ake ɗiga wa kare ko kyanwa a ƙeya yakan ƙunshi fipronil ko imidacloprid, na wankan shanu kuwa amitraz ko cypermethrin. Suna kashe ƙwaro ta hanyar lalata jijiyoyinsa. Amma dafi ba ya bambanta kaska da sauran ƙananan halittu. Idan ya shiga ruwa, sai ya hallaka tsutsotsin mazari da ƙananan ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu, waɗanda su ne abincin tarwaɗa da karfasa da kwaɗi. Cypermethrin kuwa yana kashe kifin kansa, ko da ɗan kaɗan ne.

TA YAYA YAKE KAI WA RUWA?

Maganin da aka shafa yakan daɗe a fata da gashin dabba har makonni. In aka yi mata wanka a rafi, ko ta faɗa ruwa da kanta, sai ya wanku. Haka kuma ruwan da aka ɗauraye hannu ko bokiti da shi yakan bi kwata ya gangara. Ruwan sama na farko yana kwashe abin da aka zubar a ƙasa ya kai shi Kogin Iku, ruwan wannan yanki kuwa yana tafiya zuwa Gurara, daga can ya faɗa Kogin Kwara.

Mutanen wannan ƙasa sun taɓa ganin ƙarfin dafi a cikin ruwa. Tsakanin 1955 da 1960, lokacin da ake kiran garin Abuja, ma'aikatan lafiya sun riƙa zuba DDT cikin kogunan yankin don kashe tsutsotsin baƙin ƙudan nan mai kawo makanta. Abin da aka zuba a wuri ɗaya ya kan yi aiki har nesa ƙwarai a gangare. An yi wancan da awo kuma da dalili; na yanzu kuwa yana shiga ba awo, ba mai lura.

ABIN DA AKA GANO A INGILA

A 2020 masana na Jami'ar Sussex sun fitar da sakamakon binciken ruwan da aka ɗiba a koguna 20 na Ingila daga 2016 zuwa 2018. Sun sami fipronil a kusan kashi 99 cikin 100 na ruwan da aka gwada, imidacloprid kuma a kashi 66. Tun 2018 aka hana amfani da imidacloprid a gonakin fili a ƙasashen Tarayyar Turai, saboda haka masanan suka ɗora zargi a kan maganin karnuka da kyanwoyi. Daga nan ƙungiyoyin kare muhalli, irin su Buglife, suka ƙara matsa wa hukuma lamba a tsananta dokar sayar da shi.

MATSAYIN DOKA A NIJERIYA

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba. Gamalin 20, wanda wasu masunta suka riƙa zubawa a ruwa, yana ƙunshe da lindane, wanda aka sa cikin jerin haramtattun magunguna na Yarjejeniyar Stockholm a 2009. Hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan dabbobi, NESREA kuma, wadda aka kafa a 2007, ke tabbatar da bin dokokin muhalli.

ABIN DA AKE BUKATA GA JAMA'A

Ba a ce a bar dabba da kaska ba, domin kaska tana shan jini tana kuma yaɗa cuta. Abin nufi shi ne a bi ƙa'ida:

1. A nemi shawarar likitan dabbobi, kuma a sayi magani mai lambar NAFDAC kaɗai.
2. Kada a ba da magani sai da bukata, kuma kada a wuce awon da aka rubuta.
3. A yi wankan dabbobi nesa da rafi da rijiya da tafki.
4. A hana dabbar shiga ruwa har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin su cika.
5. Kada a wanke bokiti ko famfon feshi a rafi, kuma kada a zuba ruwan sha ko man girki a kwalbar magani.
6. Wanda ya ga kifaye suna mutuwa ba dalili, kada ya ci, kada ya sayar. Ya gaggauta sanar da mai unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma.

Ana roƙon hakimai da dagatai da limamai da malaman makaranta su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami karanta shi ba. Rafi na kowa ne, kuma abin da na sama ya zuba, shi na ƙasa zai sha. Rigakafi ya fi magani.