Taya tana da rubutu: a karanta kafin a biya

Kaka ta yi. A gundumar Tasawa da ta Mayahi motocin a-kori-kura suna zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Suna ɗaukar hatsi da wake da gujiya da ridi, da awaki, da mutane a bisa kaya. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Maraɗi ta bi ta Agye da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, kwalta ce. Amma wanda ya bar ta ya nufi Urafan ko Kanambakashe, ko ƙauyukan Gulbin Kaba, zai haɗu da rairayi da ƙaya da kututture.

Duk wannan wahala a kan taya huɗu take. In ɗaya ta fashe ana cikin gudu, mota tana iya kifewa, a rasa dukiya, a rasa rai. Sau da yawa laifin daga wurin saye ya faro. An sayi wadda ba ta dace da motar ba, don ba a karanta jikinta ba.

Lambobin girma

Kowace taya tana da rubutu a gefenta. Ga misali: 205/80 R 16.

205 faɗin taya ne, milimita 205.

80 tsayin gefenta ne, daga bakin ƙarfe zuwa inda take taka ƙasa. Ana nufin kashi 80 cikin 100 na faɗin. Lissafi: 205 sau 80, a raba da 100, ya ba da milimita 164.

R tana nuna yadda aka jera zaren cikin robar. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya fito da wannan irin ƙira a 1946, yau kuwa ita ta fi yawa.

16 girman ƙarfen ƙafa ne, wanda direbobi suke kira janti, wasu kuma rim. Inci 16 ke nan, wajen santimita 40 da rabi. Tayar 16 sai jantin 16. Ba a cusa ta 14 ko ta 15 a kansa.

Akwai kuma tsohon lissafi, kamar 7.50 R 16 da ake gani a ƙafar Land Cruiser. A nan faɗin ma da inci aka rubuta shi, inci 7 da rabi.

Lambar nauyi

Bayan lambobin girma akwai wata lamba da take faɗin kayan da taya ɗaya za ta iya ɗauka in iskarta ta cika. Lamba 100 kilo 800 ce. Lamba 104 kilo 900. Lamba 106 kilo 950. Lamba 110 kilo 1,060.

Tayar motar kaya tana da harafin C ko LT, kamar 195 R 14 C. Gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota kauri. Taya biyu suna iya zama girma ɗaya, amma ɗaya ta motar kaya ce, ɗaya ta motar shiga. Ta motar shiga ta fi araha, sai dai ba za ta jure buhunan hatsi ba. Araha ba ta ado.

Wane girma ya dace?

Maƙeran mota sun riga sun ba da amsa. Sun rubuta girman taya da yawan iska a wata ƴar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, ko cikin littafin motar. In takardar ta goge, sai a tambayi makanike wanda ya san irin motar.

Wasu suna cewa babbar taya ta fi, wai mota za ta ƙara ɗaukar kaya. Ba haka ba ne. Sifirin da birki da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya suna nan yadda suke. Yawancin a-kori-kura an yi su don kaya wajen kilo 1,000, wato buhu 10 mai kilo 100, kuma mutanen da suka hau suna cikin lissafin.

Taya da ta wuce kima tana kawo matsala huɗu. Tana gogar jikin mota wajen kwana ko in kaya sun danne. Injin yana rasa ƙarfin ja a cikin rairayi. Mota tana ƙara shan mai. Allurar gudu kuma tana nuna ƙasa da gudun gaskiya, direba yana sauri bai sani ba.

Babban janti mai siririyar roba na titin birni ne. A hanyar daji rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Nan ana son taya mai tsayin gefe. In za a sake janti, a ƙirga ramukan noti, a gwada tazararsu. Hilux mai jan ƙafa huɗu rami 6 gare ta. Kada a fafe rami da ƙarfi don ya shiga.

Ƙafafun gaba biyu su zama iri ɗaya, na baya ma haka. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, duk huɗun su zama girma ɗaya, har da ta ajiya, in ba haka ba giya tana lalacewa.

Shekarun taya

Tayoyi da yawa na kasuwa na hannu ne, an gama aiki da su a Turai. Zanensu yana iya zama da kyau alhali robar ta tsufa. A nemi haruffan DOT, a dubi lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3521 tana nufin mako na 35 na shekarar 2021. In lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin shekarar 2000, a bar ta. Manyan maƙeran taya sun ce wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai cinye ba.

Taya mai hoton dutse da ƙanƙara a ciki ta ƙasar sanyi ce. Robarta taushi gare ta. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40, sai ta cinye da wuri. Mai tsagewa ko kumburi a gefe ma a bar ta, faci ba ya gyara gefe.

Iska

A auna iska da safe, kafin mota ta tashi. Taya mai ƙarancin iska da kaya masu nauyi tana yin zafi a kan kwalta har ta fashe. A cikin rairayi mai zurfi ana rage iska kaɗan, taya ta baje, a tafi sannu. Da an hau kwalta sai a tsaya wurin mai faci a mayar da iskar.

Mai mota, da ƴan ƙungiyar manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi mota, da fasinja mai jira a tasha, duk wanda ya iya karatu yana iya sunkuyawa ya duba.

Tambayoyi

1. A cikin 195 R 14 C, mene ne 14? Mene ne C?
2. An rubuta 0818 a jikin taya. Wane mako, wace shekara aka yi ta?
3. Mota tana ɗaukar kilo 1,000. An loda buhu 7 mai kilo 100. Mutum nawa mai kilo 60 za su iya hawa, har da direba?