Darasin Sassaƙa: Yadda Ake Fito Da Ɗan Mutum Daga Guntun Katako

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakinmu ya ga wasu 'yan mutane jere a kan taga: mai shayi da ƙatuwar buta, Gizo ya turo ciki gaba, da wani ɗalibi da barci ya sace a laccar ƙarfe takwas. Da yawa sun tambaye ni inda na saya. Ba saye na yi ba, sassaƙawa na yi. Na fara ne a simestar da jarrabawa ta hana ni barci, na ga in ban sami abin da zai ɗauke hannuna daga waya ba, kaina zai fashe. Ga abin da na koya, har da wanda sai da na zubar da jini na gane shi.

Kada ka ce abin na Turawa ne. Tun shekarun 1930 Justus Akeredolu, mutumin Owo, ya yi suna wajen sassaƙa 'yan ƙananan mutane daga ƙayar jikin rimi da makamantansa, har yau kuma ana yin irin wannan aiki a ƙasar Yarbawa. Mu ma masassaƙanmu da gizago suke fito da turmi da akushi da allo. Hannun ɗaya ne, girman aikin ne ya bambanta.

Da farko, katako. Je wurin kafinta ka roƙi guntayen da ya zubar. Nemi mai laushi, busasshe, marar kulli, irin su malaina. Ka danna farce, in ya bar alama to ya yi. Ka guji kirya da maɗaci, waɗannan sai su cinye maka wuƙa da haƙuri gaba ɗaya. Guntu mai tsawon santimita 10, faɗi 3, kauri 3 ya ishe ka.

Na biyu, wuƙa. Gajeriya ake so, wadda bakinta bai wuce santimita 4 ko 5 ba, kuma ba ta naɗewa. Ta zama mai kaifi kamar askar wanzami. Wallahi dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka mutum, don sai ka sa ƙarfi, in ta zame kuwa ba ta da birki. Haka ta faru da ni a sati na biyu, har yau tabon na nan a babban yatsana na hagu. Ka wasa ta a dutse, sannan duk bayan kamar minti 20 na aiki ka goga ta a bayan tsohon bel na fata. Ka naɗe babban yatsa da filasta. Kada ka taɓa ɗora aiki a cinya, akwai babbar jijiyar jini a wurin. Kuma ka san dokar makaranta a kan wuƙa. Ni sai da na nuna wa mai kula da ɗakunan kwana kayan aikina tukuna, don kada a ɗauke ni wani abu daban.

Na uku, kuma nan ne gaba ɗayan darasin yake: itace yana da kwanciya, kamar gashin akuya. In ka bi kwanciyarsa, ɓawon zai riƙa fita a naɗe, wurin ya yi sumul yana sheƙi. In ka saɓa masa, sai ka ji wuƙa tana nutsewa, itacen ya tsage ya tafi da abin da ba ka yi niyya ba. Da ka ji haka, tsaya, juya guntun, ka yanko daga ɗaya ɓangaren. Mai shayina na farko haka ya rasa hancinsa, don na yi gardama da katako.

Yanka iri uku ne za su yi maka kusan komai. Akwai na shinge, wato ka dasa wuƙa tsaye ka yi layi, sannan ka feƙo zuwa layin, yankan ya tsaya nan. Akwai na turi, inda babban yatsan hannun da ke riƙe da katako yake tura bayan wuƙa a hankali. Sai na kwari, yanka biyu a karkace da suke haɗuwa a ƙasa, da shi ake fitar da baki da ninkin riga.

Yanzu ga sirrin fuska. Kada ka zana ta a shimfiɗaɗɗen gefe, ka sa ta a kan kusurwa, kusurwar ta zama hanci. Yi yankan shinge a ƙarƙashin hanci, wani a layin gira, ka kwashe tsakaninsu gefe da gefe, sai ga kumatu sun fito. Tsawon mutum na gaske yakan kai kansa sau bakwai zuwa takwas. Kai kuma ka mayar da shi sau uku ko huɗu, nan take zai ba da dariya. Sannan ka zaɓi abu ɗaya tak ka zuzuta, ko hula, ko tumbi, ko kunne. In ka zuzuta komai, dodo za ka samu. Da ka gama, kada ka goge sawun wuƙa, shi ne adon. Ɗan fenti mai ruwa-ruwa da shafen man kaɗanya sun isa.

Wani abokina ya tare ni da batun hukuncin sassaƙa surar mai rai. Magana ce mai nauyi, kowa ya kai ta gaban malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, waɗannan dabarun za su fitar masa da cokali, ko buta mai dogon wuya, ko Keke Napep da ya sha lodi ya karkace.

Na farkonka ba zai yi kyau ba, kada ka jefar. Rubuta kwanan wata a gindinsa ka ajiye, ka ɗauki guntu na biyu. Da koyo akan iya. Wanda ya maƙale a wajen hanci ya same ni ranar Asabar bayan La'asar, amma fa ya zo da filastarsa.